Gishiri Ba Ya Karatu

Shekara arba'in da uku ina rubuta suna a jikin jiragen masunta
a bakin ruwan Valparaíso.
Fenti ja, fenti shuɗi, da buroshi mai gashin doki
wanda na gada wurin tsoho Eulogio
tare da tarinsa da gajen haƙurinsa.

Kowace shekara teku na lashe abin da na rubuta.
Daga wutsiyar suna take farawa, kamar ɓera da buhu:
Fresia ta koma Fres, Esperanza ta koma Espe,
sai mai jirgi ya hauro tudu yana haki,
ya ce, dattijo, sauko, matata ta fara gogewa.

Da ina saurayi abin na ci min rai.
Na so in zana abin da za a rataye a bango,
a sa masa gilashi, a hana yara taɓawa.
Na yi guda bakwai.
Gobarar da ta ci unguwarmu ta tafi da shida,
na bakwai yana ɗakin girkin ƙanwata
yana toshe tsagar da girgizar ƙasa ta bari.
Ta ce ya fi siminti aiki.

Herminia ta rasu ran Talata, a watan Yuli, tsakiyar sanyinmu.
Ranar ba ta ɓace min ba. Muryarta ce ke zillewa.
Na san takan yi waƙa in tana yanka albasa,
amma wace waƙa?
Jiya na tsaya a matakala ta ɗari da goma sha biyu
ina laluben kaina kamar mai neman makulli a hujajjen aljihu,
sai ga koren takalminta, wanda ban taɓa so ba.
Ƙwaƙwalwa ba ta da kunya,
ta zubar da zuma, ta adana murfin kwalba.

Akwai wani yaro, Baltasar, da ke zuwa kallona.
Ya ce, ai yanzu na'ura ke bugawa a leda,
a manna, minti biyar an gama.
Na ce riƙe min gwangwani.
Ya riƙe. Hannunsa na rawa kamar nawa,
shi don bai fara ba, ni don na kusa gamawa.
Na nuna masa yadda ake jan harafi da numfashi guda.
In ka yi shakka a tsakiya, fenti ya sani,
kuma sai ya tona maka asiri.

Masunta kan ce jirgin da ba shi da suna
ruwa bai san wanda zai mayar gida ba.
Ni ban rantse a kai ba.
Jirage huɗu na yi wa rubutu mai kyau, har da inuwa a gefe,
suka fita da asuba, har yau.
Ɗaya an tsinci ɓarin katakonsa a Quintero,
haruffa uku a jiki, suna ta sheƙi abinsu.
Matar mai jirgin ta kawo min shi naɗe cikin tawul.
Ba ta ce uffan ba. Na ɗauka tuhuma ce.
Ashe so take in cike sauran.
Na nemo katako na haɗa, na cike.

To, ma'ana fa?
Limamin cocinmu na da amsa, mai shagon giya na da tasa.
Ni iyakar sanina,
fenti na son a motsa shi kafin a shafa,
jiƙaƙƙen katako ba ya karɓar magana,
gishiri kuma ba ya karatu,
kyakkyawa da mummuna duk ɗaya ne a bakinsa.
Da ma ba don shi nake miƙe layi ba.

Gobe akwai sabon jirgi, na jikan Anselmo.
Ya ce in zaɓa masa suna, shi duk wanda na sa ya yi.
Na kwana ina gwada H a bayan takardar kuɗin wuta.
Harafi ne mai wuyar sha'ani, ƙafa biyu da gada a tsakani.
A harshenmu ko furta shi ba a yi,
tsayawa kawai yake a gaba, shiru,
yana riƙe wa sauran ƙofa.